Kyamarar Rabin Dala a Ajin Jami'a: Abin da Ya Faru da Diana a Ohio

A shekarun 1960 akwai wani kamfanin sarin kaya a garin Willow Grove na jihar Pennsylvania a Amurka, mai suna Power Sales Company, wanda yake sayar da wata kyamara kwali-kwali. Guda 144 ne a kowane kwali, kowace ɗaya tana kamawa wajen santi 50, wato kwalin kacokan bai wuce dala 72 ba. Sunan kyamarar Diana. Wata masana'antar roba ce ke ƙera ta, Great Wall Plastic Factory, a unguwar Kowloon ta Hong Kong. Samanta shuɗi-shuɗi, jikinta baƙi, kusan komai nata roba ne har da idon da haske ke bi ya shiga. Masu sayenta a lokacin ba masu sana'ar hoto ba ne. 'Yan kasuwa ne ke saye su raba kyauta don jawo masu ciniki, ko a ba yaro tukuici idan ya ci wasa a filin biki. An yi ta buga ta da sunaye daban-daban, Banner, Arrow, Windsor da sauransu, duk uwa ɗaya uba ɗaya.

Wannan tarkacen ne wasu malaman ɗaukar hoto suka ɗauka suka shiga da shi aji. Makarantar da aka fi ambata da fara yin haka ita ce San Francisco Art Institute, wajen 1967 zuwa 1968. Daga nan dabarar ta isa Jami'ar Ohio da ke garin Athens (ba ta ƙasar Girka ba, wani ƙaramin gari ne a kudu maso gabashin jihar Ohio, cikin tuddai da tsofaffin garuruwan haƙar kwal). A can ne abin ya yi saiwa, kuma a can ne ya haifar da aikin da har yau ake kafa hujja da shi. Shi ya sa na zaɓi Ohio.

Matsalar da ke gaban malamai

Sai an san zamanin kafin a gane dalilin wannan shawara. Kamfanonin Japan sun cika kasuwa da kyamarori masu inganci: Nikon F ta fito a 1959, Pentax Spotmatic a 1964. A ɓangaren koyarwa kuma tasirin Ansel Adams, fitaccen mai ɗaukar hoto Ba'amurke, ne ke sama. Shi da abokansa sun kafa ƙungiyar f/64 a Kalifoniya a 1932, aƙidarsu ita ce hoto ya fito tar daga gaba har ƙurya, kowane ganye a iya ƙirga shi. Daga baya Adams da Fred Archer suka tsara wata hanyar auna haske da ke raba duhu da haske hawa-hawa, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. Ilimi ne na gaske, ba wanda ya isa ya raina shi.

Sai dai ga ɗalibin da ya fara jiya, ilimin nan yakan zama maɓoya. Zai iya ƙare zango guda yana lissafin haske, yana gardamar wane ido ya fi wane kaifi, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa me ya sa yake son ɗaukar wannan abu ba. Idan hoton ya fito ba rai, ga uzuri a shirye: kyamarata ce ba ta kai ta wane ba. Ɗan mai hali ya zo da Nikon, ɗan talaka ya zo da ta aro, tun kafin a buɗe baki an riga an raba aji biyu.

Maganin da aka kawo mai sauƙi ne har ya yi kama da raini. Kowa ya ajiye abin da ya zo da shi. Ga kyamarar da kuɗinta bai kai na abincin rana ba, kowa ya riƙe irinta.

Abin da kyamarar ke tilasta wa mai riƙe da ita

A nan ne ya kamata a daɗe, domin darasin yana cikin ƙirar kyamarar kanta.

Diana tana cin fim mai lamba 120, wanda Kodak ta fito da shi tun 1901. Fim ne mai faɗi, naɗe a jikin sanda, da takarda a bayansa mai ɗauke da lambobi. A bayan kyamarar akwai wata 'yar jar taga. Kana murɗa maɓallin naɗi, yana ƙara ƙarar-ƙarar, kana leƙen tagar har lamba ta gaba ta bayyana. Naɗi ɗaya hoto 16 yake bayarwa, kowanne murabba'i, wajen santimita 4 kowane gefe. Daga 16 sai a sake sabon naɗi, sabon naɗi kuma kuɗi ne.

Abin da za ka iya saitawa bai taka kara ya karya ba. Ƙofar haske mataki uku ce, an zana musu alama: rana, rana da gajimare, gajimare. Nisa ma uku ne: ƙafa 4 zuwa 6, ƙafa 6 zuwa 12, sai ƙafa 12 zuwa iyakar gani. Babu na'urar auna haske, babu batir, babu abin da zai gaya maka ko ka yi daidai. Ƙyauren da ke buɗewa haske ya shiga wani ɗan sifirin ne ke jan sa, saurinsa ya danganta da ƙarfin sifirin ɗin da ka ci karo da shi. Don haka ɗalibi ba shi da zaɓi sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi inuwar da ke ƙasa, ya ƙiyasta tazarar da ke tsakaninsa da mutum da idonsa. Ido ba mudu ba ya san kima, amma sai an sa shi aiki, kuma kyamara mai tsada takan ɗauke masa wannan aikin tun bai koya ba.

Sai batun idon roba. Kyamara mai kyau tana da gilasai da yawa a jere, kowanne yana gyara kuskuren na gabansa. Diana guda ɗaya tak gare ta, mai lanƙwasa kamar farce. Sakamakon haka tsakiyar hoto ce kaɗai ke fitowa da ɗan kaifi, ana matsawa gefe abubuwa na narkewa, kusurwoyi huɗu kuma su yi duhu saboda hasken da ke isa can ya ragu. Wannan aibi ne, amma aibi mai koyarwa. Ba za ka iya cusa abu goma cikin hoto ka ce mai kallo ya zaɓa ba. Abu ɗaya ne zai tsira, sai ka yanke shawarar wanne. Ƙananan bayanai ba sa fitowa, saboda haka abin da ya rage shi ne siffa, da haske, da duhu, da inda ka tsaya. Waɗannan kuwa su ne ƙashin bayan kowane hoto, ko da wace kyamara aka ɗauke shi.

Tagar leƙe, wadda kake duba abin da za ka ɗauka ta cikinta, ita ma ba ta da amana. Tana sama da idon kyamarar, abin da take nuna maka ba daidai yake da abin da zai hau fim ba, musamman idan ka matso kusa. Kan mutum yakan yanke, abin da ka rantse yana tsakiya ya koma gefe. Hanya ɗaya ce ta magance wannan: ka ɗauki naɗi biyu ko uku, ka wanke, ka kwatanta abin da ka gani da abin da ya fito, har ka san halin taka kyamarar. Na ce taka, domin ba a samun Diana biyu masu hali ɗaya. Masana'antar ba ta damu da daidaito ba. Wata gefen hagu take dusashewa, wata ƙasa. Ɗalibi biyu a aji ɗaya, kyamara iri ɗaya, kowa da tasa jarrabawar.

Ga kuma yoyon haske. Murfin baya ba ya rufuwa gam, haske yakan sulale ta tsaga ya ƙona fim, a ga wani farin harshe ya ratsa hoto. Masu amfani da ita sukan bi duk gaɓoɓin da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, su liƙa ɗan ƙyalle a kan jar tagar su riƙa ɗagawa sai lokacin naɗi. Wani lokaci fim ɗin ba ya naɗuwa da ƙarfi, ya fito sako-sako, idan ka buɗe a rana gefunansa su lalace, don haka ake koyon cire shi a inuwa. Babu kuma abin da zai hana ka danna sau biyu a kan gurbi ɗaya. Ka manta ba ka murɗa ba, hoto ya hau kan hoto. Na farko kuskure ne. Wanda ke da ido, na biyun da gangan zai yi shi.

Duk wanda ya yi wayo kafin waya ta zama kyamara ya san sauran labarin. Mai hoto ya zo gidan suna ko ranar Sallah, ya ɗauka, ya ce sai an wanke. A jira kwanaki, wani sa'in a kawo hoton an runtse ido. Wannan jiran shi ne rabin karatun a ajin hoto, sai dai a nan ɗalibi ne mai wankin. Yana shiga ɗakin duhu ya raba fim da takardarsa da lalube, ya naɗa shi a ƙarfe ko roba, ya rufe a tulun wanki. Sannan ruwan magani na farko mai fito da hoton, wanda aka saba riƙewa a zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius, sai na tsayar da aikinsa, sai na kafe hoton kada haske ya ƙara taɓa shi, sai ɗauraya da shanya. Bayan ya bushe a shimfiɗa duka 16 ɗin a kan takardar hoto guda a buga. Takardar nan ba ta ƙarya. Tana nuna inda ka ji tsoron matsawa kusa, inda ka maimaita abu ɗaya sau huɗu, inda ka yi sa'a. Malami yana dubanta ya karanta tunanin ɗalibi a jere, kuma ba wanda zai ce laifin kayan aiki ne, tunda na kowa iri ɗaya ne.

Ɗalibar da ba ta ajiye ta ba

Ga yawancin ɗalibai Diana tsani ce: a hau, a wuce, a koma wa kyamarar kirki. Nancy Rexroth ba ta wuce ba. An haife ta a 1946, ta shiga Jami'ar Ohio karatun digiri na biyu a 1969, a nan ta fara aiki da Diana, ta kuma ci gaba da ita shekaru bayan ta gama. Tun daga 1970 har zuwa 1976 tana bin ƙananan garuruwan kudu maso gabashin Ohio, tana ɗaukar gidajen katako, da labule, da yara suna wasa, da tsofaffi a ɗakunansu. Akwai hoton gadon wata mata a garin Logan, akwai na talotalo sun taso a garin Albany. A 1977 ta tattara su a littafi, ta buga da kanta, ta sa masa suna Iowa.

Sunan nan shi ne makullin aikin. Iowa wata jiha ce daban, mai nisa da Ohio, kuma yawancin hotunan ba a can aka ɗauke su ba. Iowa ita ce inda ake kai ta ziyarar dangi tana yarinya. Abin da take nema ba taswirar wani wuri ba ne, yanayin tunawa take nema, yadda gidan kakanni yake dawo wa mutum bayan shekara ashirin: tsakiyar a fili, gefe-gefen sun ɓace, wani haske ya tsaya a bango ba ka san daga ina ya fito ba. To ai haka idon Diana yake gani. Ita ba ta ɗauki dusashewar ta shafa wa kowane abu don ado ba. Ta samu abin faɗa wanda dusashewar ce harshensa. Kuma ta buga hotunan ƙanana, ba ta faɗaɗa su sosai ba, sai mai kallo ya matso da fuskarsa kamar mai leƙen ɗaki ta ramin makulli.

Wani abu da ake yawan mantawa: aikinta na ɗakin duhu ba na wasa ba ne. Kyamarar ce ta rabin dala, bugun ba na rabin dala ba ne. Nagetif ɗin da Diana ke bayarwa, wato fim ɗin da aka wanke, sau da yawa yakan zo da haske ya yi yawa ko ya gaza, fitar da hoto mai kyau daga cikinsa ya fi wuya, ba sauƙi ba. Wato ilimin nan na su Adams da aka ce a ajiye a bakin ƙofa ya zagayo ya shigo ta taga. A 1980 ma ƙungiyar Friends of Photography da ke Carmel a Kalifoniya, wadda Adams kansa yana cikin waɗanda suka kafa ta, ta fitar da kundin baje kolin hotunan Diana zalla. Gidan masu kaifin hoto ya shimfiɗa wa kyamarar roba tabarma.

Inda dabarar take da rauni

A ganina dabarar ta yi nasara a abin da aka kawo ta dominsa, amma tana da ramuka biyu, kuma duk malamin da zai gwada ta ya kamata ya san da su.

Na farko, kyamarar tana yi wa mutum kwalliyar da bai yi wahalarta ba. Ɗauki kujera a tsakar gida da Diana, za ta fito kamar mafarki. Ɗauki kwandon shara, shi ma haka. Ɗalibin da a da yake ɓuya a bayan kaifin Nikon yanzu zai iya ɓuya a bayan hazon roba, kuma wannan maɓoyar ta fi wuyar ganewa domin tana kama da fasaha. Tambayar da ke tona asiri ita ce: in an cire duhun kusurwa da dusashewar, me ya rage a hoton? A hotunan Rexroth akwai abin da ya rage. A da yawa daga cikin waɗanda suka biyo sawunta, babu.

Na biyu, kyamarar da ba ta da tabbas tana wahalar da koyon dalili. Idan hoto ya yi duhu, ɗalibi ne ya yi kuskuren zaɓen alamar rana, ko sifirin ne ya yi sauri yau? Wanda ba zai iya raba kuskurensa da na kayan aikinsa ba, gyara zai yi masa wuya. Shi ya sa Diana ta fi dacewa da makonnin farko, lokacin da ake son buɗe ido, ba lokacin da ake son koyar da auna haske ba. Ba ta maye gurbin wancan karatun, tana dai jinkirta shi har ɗalibi ya samu dalilin koyonsa.

Akwai kuma lissafin kuɗi da ake tsallakewa. Kyamarar ce mai araha, fim da takarda da ruwan magani da ɗakin duhu ba su taɓa zama masu araha ba. Jami'a ce ke ɗauke da wannan nauyin. Wanda ya ce an koyar da hoto da rabin dala ya faɗi rabin gaskiya.

Abin da ya biyo baya

Diana ta asali ba ta daɗe ba. Kodak ta fito da Instamatic a 1963, wadda ake jefa mata fim a cikin ƙwanso ba sai an naɗa ba, kyamarori masu cin fim na milimita 35 ma suka yi ta sauka a farashi. A shekarun 1970 aka daina ƙera ta. Malamai suka koma neman ta a kasuwar gwanjo.

Magajiyarta ma daga Hong Kong ta fito. A farkon shekarun 1980 wani mai masana'anta, T. M. Lee, ya ƙera Holga don talakawan ƙasar Sin su samu abin ɗaukar hoton iyali, tunda fim mai lamba 120 ne ya fi samuwa a can. Kafin a je ko'ina fim na milimita 35 ya mamaye kasuwar Sin, Holga ta rasa waɗanda aka yi ta dominsu, sai ta samu gindin zama a ajujuwan hoto na Amurka da Turai. Hotonta ya fi na Diana girma, santimita 6 kowane gefe, guda 12 a naɗi, ko 16 idan an sa ƙaramin firam. Alamomin nisanta zane ne: mutum ɗaya, mutum uku, taron jama'a, dutse. Wani abin dariya, a samfuran farko maɓallin sauya ƙofar haske daga rana zuwa gajimare ba ya sauya komai, mutane suka yi shekaru suna tura shi da yaƙini. Duk da haka David Burnett, gogaggen ɗan jarida mai ɗaukar hoto, ya bi Al Gore yaƙin neman zaɓen shugaban Amurka na 2000 da Holga a cikin kayansa, hoton da ya ɗauka da ita kuma ya ci babbar kyauta a gasar ƙungiyar masu ɗaukar hoton Fadar White House a 2001.

Daga nan kasuwa ta gane akwai riba a cikin aibi. Kamfanin Lomography na birnin Vienna ya sake ƙera Diana a 2007 da sunan Diana+, a cikin kwali mai kyau, a farashin da ya ninka na asali sau da yawa. A ƙarshen 2009 manhajar ɗaukar hoto ta waya mai suna Hipstamatic ta fito, a Oktoban 2010 Instagram ta biyo, da hoto murabba'i da rini iri-iri masu duhunta kusurwa da kwaikwayon yoyon haske. Har zuwa 2015 Instagram ba ta karɓar hoton da ba murabba'i ba. Abin da ɗaliban Ohio suke yaƙa da salatif, yanzu da yatsa ɗaya ake shafa shi. Kamannin aka kwafa. Iyakar hoto 16, da jiran wanki, da ɗaga kai a dubi gajimare, ba a iya sa su a manhaja ba, kuma ba na jin an yi niyya.

A Nuwamban 2015 aka sanar cewa masana'antar Holga ta daina aiki, har aka ce an zubar da ƙarafan da ake zuba robar a ciki. Masu koyarwa da ita suka yi rububin sayen ragowar da ke kantuna. Sai ga shi a 2017, shekarar da maɗaba'ar Jami'ar Texas ta sake buga littafin Rexroth bayan shekara 40, wata masana'anta ta samo ƙarafan ta ci gaba da ƙera Holga 120N. Ba a gyara mata hali ba. 'Yan ƙarafan nan biyu da ke riƙe murfin baya har yanzu sukan zame murfin ya faɗo fim ya ƙone, don haka wanda ya saye ta sabuwa fil yakan haɗa da naɗin baƙin salatif kafin ya sa mata fim na farko.